Macijin da Ba a Sassaƙa a Dutsen Dan Grumbach Ba

A ƙauyenmu na Yahudawa babu wanda ya san ma'anar kalmar shefifon, kuma rashin sanin bai taɓa hana kowa barci ba. Duk shekara idan sanyi ya kankama ana isowa kan kalmar a karatun Asabar. Mijina Malam Kalman ya rera ta da muryar nan tasa ta mai mura, maza su gyaɗa kai, su tashi su tafi gida su ci kabeji da kitsen dinya. Dillalan dawakai ne da na shanu. Suna zuba Ibrananci kamar ruwa, amma ka tsayar da ɗayansu ka tambaye shi abin da ya faɗa yanzu, sai ya tuna yana da saniya mai naƙuda. Ba na ganin laifinsu. Ni ma da nake kwana ɗaki ɗaya da littattafan ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

Dan Grumbach ya mutu bayan idin bukkoki, aka binne shi kusa da ubansa Leb a maƙabartar da ke kan tudu. Ya bar 'ya ɗaya, Brendel, wadda ke aure a birnin Kolmar, da wansa Getshel, wanda rabonsu da gaisawa tun ina amarya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu kowane dillali da ƙauyukansa, ya gaje su daga ubansa, wani ba ya shiga ya taya ko da ɗan akuya. Getshel ne babba, ƙauyuka masu maiƙo nasa ne. Wata rana Dan ya ba shi wata goɗiya ya hau zuwa kasuwa, ya ce masa ta fi tunkiya sanyi. A gangaren tudu ta yi tsalle ta watsar da shi, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Kafin ya tashi daga jinya Dan ya zagaye ƙauyukan nan duka, wai yana riƙe wa yayansa, bai kuma sake saki ba. Wasu suka ce an ba goɗiyar abin sa maye ne da safe don ta yi laushi, mayen ya sake ta a hanya. Wasu suka ce ƙaddara ce. Da shekaru suka ja, maganar ta kwanta, yara suka taso suna ganin Getshel da ɗingishinsa kamar haka aka haife shi.

Al'adarmu ita ce a kafa dutsen kabari kafin shekara ta zagayo, kuma a ƙarƙashin suna a sassaƙa wata aya daga Littafi wadda ta dace da sunan mamacin. Mai suna Leb a ba shi zaki, mai suna Hirsh a ba shi barewa, don ma'anar sunayen ke nan. Ba a taɓa kalmomin dutse sai mutum biyu sun yarda: magajin mamaci da shugaban ƙungiyar masu binne matattu. Shugaban nan kuwa Getshel ne, don tun da ƙafa ta hana shi yawon kasuwa ya koma wankan gawa, ya ƙware, har ya zama babu mai ja da shi.

Ya zo gidanmu wata safiya ina murza ƙullun burodi, ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya miƙe gurguwar ƙafar a tsakiyar ɗaki yadda sai na tsallake ta. Ya ce wa Malam shi ya yafe wa ƙaninsa duniya da lahira, kuma don mutane su shaida, ya zaɓo masa aya daga albarkar da kakanmu Yakubu ya sa wa ɗansa Dan, takwaran mamacin. Ba duka yake so ba, dutse ba shi da faɗi. Sunan Dan kawai, da 'yan kalmomin da ke cewa shefifon a bakin hanya. Na ga kunnen mijina ya yi ja. Shi ya san abin da ke biye da kalmomin nan. Amma itacen da muke hura wuta da shi ƙungiyar Getshel ke kawowa, mijina kuwa mutum ne da ko kaza ta harare shi sai ya ba ta haƙuri. Ya ce albarka ai albarka ce, ya rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe don mai sassaƙa, wani Kirista da ke kwaikwayon rubutunmu kamar yana zana ƙafar tsuntsu.

Da maganar ta tsaya nan, da an kafa dutse, an ce amin, an watse. Amma dole a nemi yardar Brendel, ita kuma an sa ta makarantar birni, tana da Littafi mai fassarar Jamusanci a gefe. Ta buɗe ta karanta ayar har ƙarshe. Ba ta aiko da saƙo ba, ta hau jirgin ƙasa da kanta, ta shigo mini kicin da hularta ta 'yan birni a karkace, ko sannu ba ta ce ba ta tambayi inda Malam yake.

Ban taɓa son yarinyar nan ba. Tun tana ƙarama take kallon mutane ta saman hanci, irin kallon ubanta idan zai taya dokin matalauci. Amma ranar na tausaya mata. Ta ce wa Malam baffanta yana so ya rubuta zagi a kan ubanta da harshe mai tsarki, zagin da ruwan sama ba zai wanke ba, kuma shi Malam ya riƙe masa alƙalami. Malam ya fara in-ina, wai malamai sun saɓa a kan kalmar. Ta ce to a tara mutane, a buɗe littattafan, a faɗi abin da malaman suka ce.

Na ja ta gefe na ce mata ta bi a hankali. Na ce ta je wurin baffanta ita kaɗai, ta ce ba ta yarda ba, ba sai ta faɗi dalili ba. Ba a sassaƙa komai sai da yardarta. Ta dube ni ta ce ita ba ta saba shiga ta ƙofar baya ba. Na koma kan tukunyata. Wanda ya zo kicin ɗina ya gaya mini haka, to ya je ya bi ƙofar da yake so.

Aka taru ranar Lahadi da rana a ɗakin karatun yara, wanda bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗina. Maza sun cika shi, har da waɗanda ba a gani a majami'a sai ranar idi, don labari ya bazu cewa 'yar Dan za ta kara da Getshel. Mata ba sa shiga irin wannan zama. Brendel ta tsaya a bakin ƙofa, ni ina bayanta da wuƙa da dankali a hannu, don kada a ce na zo kallo.

Malam ya jera littattafai a kan tebur, ya shiga kewaye-kewaye. Wani malami na da ya ce shefifon maciji ne, an sa masa sunan ne saboda hucin da yake yi. Wani ya ce ƙanƙani ne ƙwarai, siriri kamar gashi. Wani ya ce dafinsa ba shi da magani. Akwai kuma littafin wani matafiyi da ya je ƙasar kakanninmu, ya zana wata kububuwa mai ƙaho biyu a kan ido, ya ce ita ce. Aka miƙa zanen hannu zuwa hannu. Wani mai sayar da fata ya ce ai wannan surukarsa ce, aka yi dariya. Mu macijin da muka sani shi ne ɗan baƙin nan na cikin gonar inabi, wanda yara ke kashewa da sanda.

Sai Getshel ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya yi magana da wata murya mai laushi da ban taɓa jin yana da ita ba. Ya ce duk abin da Malam ya karanta yabo ne. Ƙabilar Dan ita ke tafiya a bayan jama'a cikin hamada, tana tsaron raunana. Macijin nan ƙarami ne amma manya na tsoronsa, haka ƙaninsa yake, ɗan gajere, amma babu dillali daga nan har bakin kogin Rain da ya taɓa cin galaba a kansa. Ya ce uba ba ya zagin ɗansa a kan gadon mutuwa, kalmar da kakanmu ya sa wa ɗansa albarka da ita, wane ne shi da zai ce ba ta isa ba. Har ya share ido da bayan hannu. Na ga maza suna gyaɗa kai, har wani tsoho ya ce madalla da ɗan'uwa.

Brendel ta tsallake bakin ƙofar ta shiga tsakiyar maza.

"Malam, karanta sauran ayar."

Malam ya rera ta da Ibrananci, da sauri, kamar mai gudun ruwa.

"Ba haka ba. Faɗe ta da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, kowa ya ji."

"Ɗiyata," in ji Getshel, "ki bar Malam ya huta. Abin da ba za a sa a dutse ba, me ya kawo shi?"

"Ni ba ɗiyarka ba ce, Baffa. Ɗiyar wanda kake so ka binne sau biyu ce."

Malam ya dube ni ta saman kawunan mutane, kamar ni zan cece shi. Na ci gaba da feraye dankalina. Sai ya faɗa, a hankali, idonsa a kan tebur: macijin yana kwanciya a bakin hanya inda ba a ganinsa, ya sari doki a dunduniya, mahayin ya faɗo ta baya. Brendel ba ta bar shi nan ba. Ta karɓi littafin matafiyin ta karanta da kanta yadda kububuwar take binne jikinta cikin yashi a sawun dabbobi, ta bar ido kawai a waje, ba ta fuskantar kowa, sai wanda ya wuce ya ba ta baya. Ta karanta da kyau, da muryar makarantar birni, kalma bayan kalma.

Ba wanda ya dubi Brendel, ba wanda ya dubi Malam. Kowa ƙafar Getshel yake kallo, shi kuma ya ɗan gyara tsayuwa don a gan ta sosai. Samarin da ba a haife su ba lokacin goɗiyar suka fara tambayar na kusa da su, tsofaffi suka sunkuya suna ba su amsa ƙasa-ƙasa.

Getshel ya ce, "Ni doki bai zo mini a rai ba, Allah ya sani. Ke me ya sa da kika ji an sari doki an kayar da mahayi, sai ubanki ya faɗo miki?"

Brendel ta rufe littafin. Fuskarta ta yi fari. Amma taurin kan Grumbach ba ya lanƙwasuwa, sai ta juya kan Malam ta ce ya yanke hukunci yanzu, a gaban kowa: kalmar nan sunan maciji mai sara ta baya ne ko ba shi ba ne, kuma ya halatta a kunyata mamaci wanda ba shi da bakin ramawa?

Nan ko mijina ba shi da wurin ɓuya, don dokar a fili take. Ya ce a bakin kakanmu albarka ce, amma a wannan ƙauye, a kan wannan kabari, za a karanta ta a matsayin zagi, saboda haka ba za a sassaƙa ta ba. Brendel ta ɗaga kai. Getshel ya sunkuyar da nasa, ya ce ya bi hukuncin Malam, shi wane ne. A rayuwata ban taɓa ganin wanda aka kayar yana tafiya gida da irin wannan nishaɗi ba, har sandarsa yake kaɗawa.

Saura a sami wata ayar. Malam ya kawo wadda ta kira Dan ɗan zaki, Brendel ta ce ita take so tun farko. Getshel ya ce a'a, ubansu Leb yana kwance a gefe da zakinsa, ɗa ba ya sa rigar ubansa uban na kallo. Malam ya kawo wadda ta ce Dan zai yi wa mutanensa shari'a. Getshel ya ce ai wannan kan albarkar nan ce da aka hana, ba a yanka albarka biyu a ɗauki kai a yar da wutsiya. Aka kawo ayoyin da ba su da suna a ciki, na masu gaskiya da masu tsoron Allah. Kowace sai ya nisa, ya ce kyakkyawa ce, amma yana tsoron kada mutane su karanta ta da wata manufa, tunda yanzu an ga yadda mutanen ƙauyen nan suke da mugun zato. Brendel ta zo daga Kolmar har ta gaji da zuwa. Ta yi masa ihu a kan titi, ta kira shi gurgun munafuki a gaban mahauci. Shi kuwa sai ya ɗaga hula ya tambayi lafiyar mijinta.

Shekara ba ta jiran kowa. Barin kabari babu dutse ya fi kowane abu muni, saboda haka aka kafa shi da suna da ranar mutuwa kawai. Mai sassaƙa ya riga ya goge wurin ayar ya yi masa ƙawanya ta ganye tun farkon aiki, sai wurin ya zauna fayau, fari, a tsakiyar dutse. A duk tudun nan, daga kabarin attajiri har na mabaracin da ya mutu a barga, babu dutsen da ba shi da ayarsa sai wannan.

Maƙabartarmu ta ƙauyuka da yawa ce. Kafin sabuwar shekara mutane na zuwa daga ko'ina su ziyarci iyayensu, kuma mutanenmu ba sa wuce dutse ba su karanta ba, ko ba su gane ba. Duk wanda ya iso kan na Dan sai ya tsaya ya tambaya me ya faru da ayar. Kullum kuwa akwai mai ba da amsa, da goɗiyar, da gangaren, da ƙauyukan, da kububuwa mai ƙaho. Kalmar da a da babu mai iya faɗin ma'anarta ta shiga kasuwa. Wanda ya sayar maka da saniya mai tari shefifon ne. Matar da ta kai gulmarka shefifon ce. Da aka zo wurin a karatun Asabar na wannan sanyin, majami'a ta cika da gyaran murya da tarin ƙarya, mijina ya yi tuntuɓe a kan kalmar da ya shekara da shekaru yana rerawa lafiya.

Brendel ta dawo da bazara. Wannan karon ta yi mini sannu, ta zauna a kan kujerar kicin, ta cire hular ta ajiye a cinya. Ta rame. Ta ce a Kolmar ma, a wurin wani biki, wata mata da ba ta san ko ita wace ce ba ta ba ta labarin dillalin da aka rasa ayar da za a sa masa. Ta roƙi Malam ya aika a kira baffanta. Na so in ce mata wani abu, na ga ba sauran wurin da zan soka, sai na zuba mata kofi.

Getshel ya zo, ya miƙe ƙafarsa inda ya saba. Ba ta kalle shi ba, kofin take kallo. Ta ce ta yarda. A sa ayarsa, yadda ya so tun farko, shefifon a bakin hanya. Ta ce ko ba komai baƙo zai ga rubutu ya karanta ya wuce, jikoki kuma za su ga albarka ce daga Littafi. Sannan ta ce, "Don Allah, Baffa. A rufe wurin nan."

Getshel ya sunkuyar da kai. Ina tsaye ina kallonsa, kuma na rantse na ɗauka zai yarda, don tsufa ya kama shi, idonsa ya yi ruwa. Ya juya wurin mijina ya tambaye shi ko hukuncin da ya yanke a gaban jama'a yana nan, ko an sami wani littafi da ya canza ma'anar kalmar. Malam ya ce yana nan.

"To kin ji, ɗiyata," in ji Getshel. Ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. "Ke kika tara mutane, ke kika karanta mana, Malam ya ce zagi ne. Uwa ɗaya ta haife mu da Dan. Ba zan zagi ƙanina a kabarinsa ba."

Ya ɗaga mini hula, ya ce kofina yana ƙamshi, ya ja ƙafarsa ya fita.